Ƙuri'a a Bakin Ruwa

Mai Motoci ya tsaya a tsakiyar hawa, ya dafa dutse yana haki, gumi ya jiƙa masa sabuwar riga sharkaf.

"Yaya, ko a goya ka?" in ji ƙanwar matarsa, wadda ita ce sakatariyar ƙungiyarsu ta masu harkar yawon buɗe ido.

"Allah ya shirye ki. Wahalar nan nake gaya muku! Da akwai titi, da tuni mota ta sauke mu."

Shi ya kawo shawarar titin, tun bara yake tallarta a kowane taro: a sare itatuwa, a fasa dutse, manyan motocinsa su riƙa zube baƙi har gindin magangarar ruwan. Wasu suka ce a'a, a bar turbar ƙafa yadda take, a ƙayyade masu shiga a rana, kada a kashe wurin da kowa ke ci da shi. Da gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a ofis, sakatariya ta ce a je can a kaɗa ƙuri'a.

Abin dariyar, tun yana saurayi yake sayar da tikitin zuwa wurin nan, hoton ruwan na manne a jikin kowace motarsa, amma ko da wasa bai taɓa zuwa ba.

Suna shan kwanar ƙarshe, sanyi ya bugi fuskarsa. Ruwa na zubowa fari fat daga sama, tsuntsaye na ta hidimarsu a inuwa. Gani ya kori ji. Mutumin da ke ta mita ya yi tsit, ya tuɓe takalmi, ya tattare wando da hannu biyu, ya tsunduma har gwiwa. Ƙananan kifaye suka yanyame masa yatsu, daɗi ya kama shi, ya ƙyalƙyale da dariya kamar ba shi ba.

Can ya waiwayo. "Wai ina za a yi wurin ajiye motocin?"

"Nan inda kake tsaye, Yaya. Cikewa za a yi da ƙasa. Ai kai ka zana."

Ya dubi kifayen da ke zagaye da ƙafarsa, titin ya fita masa a rai. Amma mutumin da ya shekara yana bugun tebur, da wane baki zai ce ya fasa?

Sakatariya ta tafa hannu. "Masu son turbar ƙafa?" Rabi suka ɗaga. "Masu son titi?" Sauran suka ɗaga. Ta ƙirga.

"Kunnen doki ke nan, kuma in ba rinjaye, ba titi. Yaya, kai kaɗai ka rage."

Kowa ya zuba masa ido, masu son titi na ta yi masa alama da gira.

Mai Motoci ya dubi ruwan, ya ƙara damƙe wandonsa.

"Ke ba ki da ido ne? In na ɗaga hannu wandon ya jiƙe, ke za ki yi wa yayarki bayani?"