Ekaran ɗin da Halidu Ya Hana a Kunna

Halidu irin mutanen nan ne da ba su yarda a cuce su ko da a kan tsinken ashana. Shekara goma sha huɗu yana buga takardu a wata ma'aikata a Yamai, kuma aikin ya shiga jikinsa har ya zame masa hali: abin da aka rubuta a takarda, to shi yake son ya gani a ƙasa, ba ragi ba ƙari. A buro, wato ofishinsu, ana yabonsa a kan haka. A gida kuwa matarsa Aïchatou ta daɗe da koyon yin shiru idan ya fara, don ta san ba ya sauka sai ya kai aya.

Shekarar da soji suka karɓi mulki ce, bayan daminar da ta gaza. Rumbuna sun ƙare tun kafin zafi ya kankama, mutanen ƙauye suna ta kwararowa birni. A cikin wannan zafin ne mahaifiyarsa, Inna Kadi, ta zo daga ƙauyensu na ƙasar Adar. Ba yunwa ce ta koro ta ba, ko da yake ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu. Idanunta ne suka fara dushewa. Halidu ya kai ta wajen likitan ido, likitan ya duba ya sake dubawa, sannan ya ja Halidu gefe ya faɗa masa gaskiya. Hawan jinin ido ne, ya ci gefe da gefe, saura ɗan tsakiya. Maganin ɗigawa zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage ma ba a san ranar tafiyarsa ba.

Abu ɗaya Inna Kadi take son ta gani da wannan ɗan ragowar. Autarta Zinariya ta bi mijinta Abijan shekara uku da suka wuce, ta haihu a can, aka sa wa yaron Sani, sunan marigayi mijin Inna. Ba ta taɓa ganinsa ba. Wani direban babbar mota ya kawo wa Halidu saƙo daga Zinariya, ɗan kile na ordinatur mai kamar ɗan yatsa, cike da hotunan yaron, har da wanda yake motsi yana rarrafe. Halidu yana da tsohuwar ordinatur, kwamfuta ke nan, a ɗaki, sai dai ekaran ɗinta, wato allon da ake kallo a kai, ya ƙone tun wata ranar da kuran, wutar lantarki, ya ɗauke ya dawo da ƙarfi. Sai ya yi niyya mai kyau, Allah ya sani mai kyau ce. Ya ce zai sayo ekaran babba, wanda fuskar yaro za ta cika shi, yadda ko mai raunin ido zai gani. Ya kuma ce shi kansa ba zai kalli hotunan ba sai tare da ita.

A bakin Babbar Kasuwa akwai butik, wato shago, na wani Bazabarme mai suna Sumana, mai fara'a kamar ba ya da damuwa a duniya. A ƙofarsa an manna takarda da manyan baƙaƙe: ekaran sabo, marar ƙeya, pus ashirin da biyu. Pus shi ne inci, ma'aunin girman allo. A jikin kwalin ma haka aka buga. Halidu ya karanta takardar, ya karanta kwalin, ya ga sun yi daidai, ya saya ya ɗora a takisi.

Da ya iso gida Inna tana zaune a tabarma a inuwar zaure, Aïchatou na tsince mata shinkafa. Ya buɗe kwalin a gabansu yana murmushi, ya ciro abin, sai murmushin ya tsaya. Kwalin ya yi wa ekaran ɗin yawa, an cusa tsofaffin jaridu an cike gurbin. Ya juya bayansa, ya ga ƴar takardar kamfani ta ce pus goma sha bakwai. Bai yarda da idonsa ba sai da ya karɓi tef ɗin ɗinkin Aïchatou ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa. Goma sha bakwai ne. A ƙafarsa ma akwai ƙarzuwa, alamar wani ya riga shi mora.

"Ni za a yi wa haka?" in ji shi. "Ni?"

"Baban Rabi, tunda ya zo gida, a haɗa mana Inna ta gani," in ji Aïchatou. "In ya so gobe ka mayar."

"Ba ki san ƴan kasuwa ba. Ina ɓare ledar fuskarsa, ina sa masa wuta, shi ke nan ya zama nawa. Sai ya ce ni na lalata."

Ya mayar da shi cikin kwali, jaridu da komai, ya ɗaure da igiya.

Inna Kadi ba ta ce uffan ba. Halidu ɗanta ne na fari, kuma ita ta tsohon zamani ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta roƙe shi abu baki da baki. Duk abin da take so daga gare shi ta bakin Aïchatou yake bi. Halidu ya san da haka tun yana yaro, amma a wannan karon sai ya ɗauki shirunta a matsayin yarda, saboda hakan ya fi masa daɗi.

Washegari ya sauka a butik ɗin Sumana da kwali a kafaɗa. Sumana ya leƙa, ya dafa kai, ya rantse shi ma haka aka turo masa daga Kotonu, bai buɗe ba.

"Kala suru, shef, sai haƙuri. Wani kaya na hanya, sati mai zuwa zai shigo, in ba ka na ashirin da biyu na gaskiya. Amma ka aje shi wurinka, kar ka taɓa, don in mai da musu yadda ya zo."

Halidu ya dawo da kwalin gida ya ɗora a kan kabad, yana jin kansa kamar wanda ya ci rabin shari'a. Sati ya zo, kaya bai zo ba. Aka ce motar tana Gaya, an tsare ta a kan iyaka, tun da mulki ya canja sai an sake takardu. Wani satin aka ce motocin hatsin taimako ake fara sallama. Halidu ya mai da butik ɗin wurin zuwansa na kowace la'asar. Ya kwafe takardar da ke manne a ƙofa kalma da kalma. Ya rubuta wasiƙar ƙorafi shafi biyu da Faransanci mai kyau, wadda har yau bai san wa zai kai wa ba. Maƙwabtan Sumana suka san shi, suna hango shi sai su ce ga mai pus ashirin da biyu nan tafe. Shi kuwa ko a jikinsa, gani yake gaskiya yake nema.

A gida kuwa Inna ta fara laluben bango kafin ta kai bakin randa. Aïchatou ce ta lura, don ita ke wuni da ita. Ta ce a kai Inna sibar ɗin bakin titi, inda ake hayar ordinatur, a biya awa ɗaya ta kalla. Halidu ya ce uwarsa ba za ta zauna cikin samari masu kallon shirme ba, ga shi ekaran ɗinsu duk maiƙon hannu. Ta ce to ya tafi da ita buro. Ya ce yanzu soji ne a bakin ƙofa, ba a shiga sai da kati. Wannan gaskiya ne, amma bai ko gwada tambaya ba.

Wata rana da hantsi Inna ta kira Aïchatou kusa, ta yi ƙasa da murya.

"Ɗiyata, ki ce ma maigidanki, ƙanƙanen ma ya ishe ni. Ni ba girman abu nika bida ba."

Aïchatou ta isar da saƙon da ya dawo cin abincin rana. Halidu ya ajiye cokali, ya ɗaga murya yadda Inna za ta ji daga zaure.

"Ki ce mata ta ƙara haƙuri kwana kaɗan. So nake ta gan shi sosai, ba ta yi ta ƙyafta ido a kan ɗan abu kamar faranti ba. Ba zan bari ɓarawo ya sa in nuna wa uwata jikanta a ragowar wani ba."

Inna ba ta sake aiko da maganar ba.

Ana cikin sati na biyar aka bugo waya daga ƙauye cewa ruwa ya sauka, ruwan shuka sosai. Inna ta miƙe tana tattara ƙullinta tun kafin a kashe wayar. Ashe duk yunwar da aka sha, akwai irin gero da ta ƙi ci, ta zuba a tulu ta binne a cikin ɗakinta, kuma babu wanda ya san wurin sai ita. Idan ba ta je ba ƙannen Halidu ba su da abin da za su shuka. Aïchatou ta dubi kwalin da ke kan kabad, ta dubi mijinta. Ko a ranar da ya sauke shi da an gama cikin rabin awa. Amma Sumana ya rantse masa jibi kaya zai iso, sai ya ce Inna ta ƙara kwana biyu. Ta ce wa Aïchatou danshi ba ya jiran kowa kwana biyu. Da sassafe ya kai ta tashar motar Tawa, ya riƙe mata hannu ta hau, yana ce mata da kaka in sha Allahu za ta dawo ta tarar da komai a haɗe.

Jibin ya zo ya wuce. Bayan kwana goma Sumana ya gaji da fara'a, ya ce masa mutanen Kotonu sun daina ɗaukar wayarsa, babu wani na ashirin da biyu da zai zo, in yana so ya riƙe wanda ke hannunsa, in ba ya so ya kai ƙara inda ya ga dama. Halidu ya dawo gida ransa a ɓace. Don haushi kawai ya sauke kwalin, ya tsinke igiyar, ya ɓare ledar, ya haɗa wayoyin ya sa kilen.

Hoton farko ya buɗe. Fuskar yaro ta cika allon daga sama har ƙasa, tas, da haske, har ana ganin miyau a leɓensa da ƴan haƙora biyu. Goshin marigayi ne sak, da kunnuwansa masu fitowa waje. Aïchatou da ke tsaye a bakin ƙofa, can nesa, ta ce, "Wayyo, Baba Sani!" sannan ta rufe bakinta da hannu. Halidu ya ja da baya har bango, ya runtse ido rabi yana gwada yadda mai raunin gani zai gani, kuma duk da haka fuskar tana nan. Sai a lokacin ya yarda da abin da ya yi. Sati biyar abin nan yana kan kabad, taku huɗu daga tabarmar uwarsa. Baƙin ciki ya kama shi irin wanda ba ya da wanda zai ɗora wa, don Sumana ya cuce shi pus biyar ne kawai, sauran shi ya yi da hannunsa.

Inna Kadi ta dawo bayan an yanke gero. Ƙaninsa ne ya riƙo sandarta daga mota har cikin gida. Likita ya haska mata fitila a ido, ya kashe, ya ce a ci gaba da ɗiga maganin saboda ciwo, bai ƙara komai ba.

Da suka dawo ta huta, ta ce wa Aïchatou a kai ta gaban abin. Aka zaunar da ita a kujera, Halidu ya kunna. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu.

"Ina jin haske," in ji ta. "Shi ne a ciki?"

"Shi ne, Inna," in ji Aïchatou. "Yana dariya."

"Da wa ya yi kama?"

"Da Baba. Goshin da kunnuwan duka."

Inna ta miƙa hannu ta lalubo gefen ekaran ɗin, ta bi shi da yatsu har kusurwa, ta dawo ta auna faɗinsa da taƙi, ɗaya, biyu, da ɗan ƙari.

"Wanga shi ne babban da anka ce in jira?"

Aïchatou ta sunkuyar da kai. Halidu ya ga ƙarya a buɗe a gabansa, mai sauƙi, wadda ba wanda zai tona. Ya kasa.

"A'a, Inna. Na rannan ne. Babban bai zo ba."

Ta bar tafinta a kan gilashin, daidai kan kumatun yaron, ta daɗe a haka.

"Ashe," in ji ta a hankali. "Ai ko wanga ya fi fuskar jinjiri girma."