Daneye ba ta ɗauka ba

Saniyar ba tawa ba ce, ta gidan Inuwa ce, Bafulatanin da muka taso tare a nan Burumburum. Ya ba ni aronta bisa al'adarsu: in riƙe, ɗan da ta fara haifa nawa ne, uwar ta koma garkensa. Farar karsana ce, Daneye yake kiranta. Ina da shanun huɗa biyu, amma ban taɓa mallakar saniya mace ba.

Da damina ta faɗi na cika ta da ɗanyar ciyawa da dusa da kanwa, na kai ta wurin bijimi. Bayan 'yan makonni ta sake neman sa. Na mayar, ta sake. Ana cikin haka Inuwa ya zo ya ce gonaki sun cinye burtali, zai tashi da garkensa gaba ɗaya kafin marka ta wuce, kuma ba dawowa.

Wani mahauci a kasuwar Tudun Wada ya nuna mini wata mata a kwata, da farar riga da filas a hannu. Ya ce Dakta Nusaiba ce, likitar dabbobi, ƙwan cikin shanun da aka yanka take tattarawa ta tafi da su Kano bincike. Na je na gaishe ta, na faɗa mata damuwata.

"Baba, da bazara me take ci?"

"Abin da shanun huɗa suka rage."

"A ina take wuni?"

"A turke. Rumfar ta shanun huɗa ce."

Ta girgiza kai. Na ce, "Malama, kowa haka yake yi. Wanda zai ja garma shi ake fara ba harawa. Ita ai yanzu ta yi ƙiba, zo ki gani."

Ta ce ƙibar yau ba ta isa ba. Ƙwan da saniya ke saki yau, watanni ya yi yana girma a cikinta, tun cikin zafin nan. Wai a cikin ƙwan da kewayensa akwai wasu mitsi-mitsin abubuwa, maikro-RNA ta kira su, su ke tsawatar wa ƙwan, su ce wannan aiki a rage, wancan a dakata. Zafi da yunwa na iya hargitsa su, ƙwai ya fito kamar lafiyayye, amma ko bijimi ya hau ba zai zama ɗa ba, ko ya fara ya lalace.

"To a yi mata allurarsu."

"Babu allurarsu, Baba. Mu ma yanzu muke ƙoƙarin gane su."

"To zo ki duba ta, ki gaya mini ko su ne."

"Zan iya zuwa in duba ko wata cuta ce. Amma ƙwan kansa, na'urar zaro shi daga saniya mai rai ba ni da ita. Ni sai wadda aka yanka."

Mahaucin nan ya sa baki yana dariya: "Gwadabe, kawo ta mana, yau ɗin nan a gano maka ciwonta!"

Ban yi dariya ba. Na ce da ita, "Wato duk karatun nan, sai ta mutu za ki san abin da ke damunta?"

Ba ta ji haushi ba. Ta ce ba za ta rantse ba, amma in aka bar ta a inuwa da ƙoshi, ƙwan da suka fara girma bayan saukar ruwa suna iya zuwa da kyau. Nan da wata biyu ko uku.

Ta zo kuwa har gida, ta duba, ba ta ga wata cuta ba. Matata Tasalla ta ce, "Malam, ka roƙi Inuwa ya bar maka ita mana, ba kunya ba ce."

Na je rugarsa na tarar ana kwance bukkoki. Na maimaita masa bayanin likita iyakar yadda na riƙe. Ya saurara har ƙarshe.

"Gwadabe, in na bar ta, wa zai kawo mini ita? Ni kaina ban san inda zan sauka ba. Ta uwar 'ya'yana ce, ka sani. Da tawa ce da na bar maka."

Na ce, "In ta ɗauka a can fa?"

Ya dubi ƙasa. Ni ma na san amsar: ɗan da aka haifa a turkena shi ne nawa.

Ranar tashinsu da hantsi ya zo da igiyarsa. Daneye ta toge a ƙofar gida, ta ƙi binsa, don ta saba da mu. Dole ni na karɓi igiyar na ja ta har bakin titi, ta shige cikin garke, na tsaya har suka sha kwana.