Kanal Na Uku

Cha'ibu ya durƙusa a bayan ampili, akwatin ƙara sautin jita, yana leƙen lampu huɗun da ke ciki, ƴan kwalabe masu yin ja a hankali kamar garwashin shayi. Wuta ta dawo da ƙarfe goma, kuma a Gaya ta yanzu ba mai rantsuwa za ta kai azahar. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar kan iyaka, aikinsa na fitar wa ƴan kasuwa kaya a duwan, wato kwastan, ya mutu murus. Ya dawo zaman gida, shi da tsohuwar jitarsa ta zamanin da yake kaɗa wa mutane a bukukuwa daga nan har Dosso.

Ampilin kyautar autarsa ce, Aisata, mai aikin jinya a Malanville, can tsallaken kogi. Shekaranjiya ya iso cikin kwale-kwale, naɗe da leda da tsohon bargo, a tsakanin jarkokin manja. Sai ga saƙon muryarta ya biyo baya: "Baba, na ɗaki ne, ba na dandali ba. Kanal uku gare shi, kowanne da kalar sautinsa. Ka gwada kowanne, ka ɗauka a waya ka aiko mini in ji."

Ba da kunnensa ya ji saƙon ba, matarsa Mariama ce ta maimaita masa baki da baki. Kunnen hagu ya mutu tun bara, na dama kuma yana bin sahu. Babbar murya da rugugin kamiyo mai ɗaukar kaya yana jin su sama-sama, amma duk wani siririn sauti ya tafi: kukan tsuntsu, ƙarar waya, rabin maganar mata. Ya kuma sa Mariama ta rantse ba za ta faɗa wa Aisata ba. Yarinyar cikinta wata bakwai, ga ta da kafiya irin tasa sak. Ranar da ta ji, ranar za ta hau jirgi, kogi kuwa ya cika ya batse, ko wata ba a yi ba da wani kwale-kwale ya kife da mutane.

Mariama ta leƙo, kwando a hannu. Ta matso ta gefen dama ta ɗaga murya.

"Malam, kasuwa zan leƙa. Ka jira ni kafin ka ɗauka."

"Ke kika koya mini jita? Shekara talatin ina wannan abu."

"Ni dai na ce ka jira."

"Wutar ma jiran ki za ta yi? Je ki, Allah ya kiyaye."

Tana fita ya ɗora haɓarsa a jikin jitar ya gyara tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Dabarar da ya gano ke nan: abin da kunne ya ƙi, ƙashin muƙamuƙi yana kawo shi. Ya jona wayar jitar a ampilin, ya jingina salularsa da kofin shayi, ya danna ɗauka.

Kanal na farko ya fito wasai, ba ko gurɓi. Bai ji shi duka ba, amma ya ji ƙasan sautin, mai taushi da nauyi, yana bi ta tabarma yana hawa ƙaurinsa. Kai, wannan akwati ɗan ƙarami da shi! A zamaninsu sai mutum biyu sun ciccibi wanda bai kai shi daɗi ba. Na biyu yana da ɗan kaushi, in ka taɓa a hankali ya yi ladabi, in ka daka ya yi maka gurnani. Ɗakin ya ɗauki ƙanshin ƙarfe mai ɗumi. Cha'ibu ya sami kansa yana murmushi shi kaɗai, abin da ya jima bai yi ba.

Ya danna na uku, sai ya ji kamar sautin ya ragu. Ya murɗa maɓallin ƙarfi, ya ƙara, ya ƙara, har sai da ƙirjinsa ya amsa. Ya juyo da jitar daf da bakin ampilin ya yi kiɗan da Aisata ke so tun tana ƙarama, tiryan-tiryan har ƙarshe. Sannan ya sunkuya wajen salular.

"Auta, kin ji dai. Na ukun nan ya fi su duka tsabta, ko ƙis babu a cikinsa. Allah ya yi miki albarka."

Ya aika. Yana zaune jitar na kan cinyarsa Mariama ta faɗo ɗakin a guje, hannu biyu toshe da kunnuwa, tumatir na gangarowa daga kwando. Ta fizge wayar ampilin daga bango.

"Inna lillahi! Malam, tun daga bakin titi nake jin shi! Maƙwabta duk sun fito!"

"Jin me?"

"Fito yake yi! Wani irin tsuwwa kamar ana yanka ƙarfe!"

Gabansa ya faɗi. Ya san abin sarai, ya sha yi wa yara faɗa a kansa a dandali: in jita ta kusanci bakin ampili da ƙarfi a sama, sai ya kama ihu. Ya miƙa mata salular. Ta kunna, ta saurara, ya ga fuskarta tana canzawa.

"Tun da ka shiga na ukun yake yi. Kana kiɗa yana yi, kana sa mata albarka yana yi."

"Goge shi. Maza goge!"

"Auta ta riga ta buɗe."

Suka zauna suna kallon salular. Aisata ba ta taɓa yi masa rubutu ba, kullum murya take aikowa, ta ce rubutu na ma'aikatan duwan ne. Yau sai ga rubutu, kalma uku: "Baba, tun yaushe?"

Ya fara rubuta cewa wasa yake yi, ya goge. Ya rubuta cewa mura ce ta toshe shi, ya goge. Kafin ya haɗa wata ƙaryar, saƙo na biyu ya shigo: "Na karɓi izini wurin aiki. Ina hanyar bakin ruwa."

Mariama ta kira ta har sau biyar, ba a ɗauka ba. Shi ya rubuta mata da manyan baƙaƙe cewa kar ta hau, ya haɗa ta da Allah, zai faɗa mata komai. Saƙon ya tafi, ba a buɗe shi ba.

Baburan kabu-kabu biyu suka hau zuwa mashigin jirage. Rana ta take, gaɓa cike da ƴan dako da buhuna, sojoji biyu na zaune a inuwa suna duba takardun masu sauka. Ruwan ja ne, yana gudu da ciyayi da rassan itace. Cha'ibu ya tsaya har takalmansa suka nutse a laka, yana bin kowane jirgi da ido. Tsoro yake ji irin wanda bai taɓa ji ba, da haushin kansa, don da hannunsa ya aika mata sammacin.

Mariama ta taɓa shi ta nuna. Wani dogon kwale-kwale ne a tsakiyar kogi, an labta masa buhunan shinkafa da moto biyu, wato babura, bakinsa bai fi tafin hannu ba daga ruwa. A tsakiya akwai mace da shuɗin mayafi irin na Aisata, ta riƙe gefen jirgin da hannu ɗaya, ɗayan a kan cikinta.

Sai mutanen gaɓa suka fara motsi. Ƴan dako suka ajiye kaya, wani ya hau kan buhu yana ɗaga hannuwa, bakuna duk a buɗe. Ko gargaɗi suke yi wa matuƙin, ko rigimar layin dako ce ta kullum, Cha'ibu bai sani ba. Gunaguni kawai ke isowa gare shi, kamar daga cikin rijiya.

Ya damƙi hannun Mariama a gaban kowa, ya juyo mata da kunnen dama.

"Me suke cewa? Faɗa mini da ƙarfi, Mariama. Ba na ji."