Bakin Alƙalamin Malam Garuba

Issahaku ya manna gilashin gyaran agogo a idonsa, ya juya alƙalamin a hasken rana. Tsohon da ya kawo shi ya kasa zama. Ya je bakin rumfa ya leƙa tashar Yendi, ya dawo, ya sake komawa.

"Baba Garuba, ka zauna mana. Loren Salaga ba ya tashi sai la'asar."

"Kai dai rufe mini tsagar bakin, faɗuwa ya yi. Kar ka taɓa komai bayan wannan."

Malam Garuba marubucin wasiƙa ne a kasuwar Salaga. Shekara talatin fataken goro da na shanu suna zama gabansa yana rubuta musu ajami da alƙalamin nan guda, har a Bawku ana gane hannunsa kafin a karanta. Kwana tara ke nan bai ɗiga tawada a takarda ba. Biro kuwa ya rantse ba zai riƙe ba.

Shi ma Issahaku biron ne ya kashe masa kasuwa. Rabonsa da alƙalamin tawada wata biyar, sai agogo da tabarau, hannunsa har ƙaiƙayi yake yi. Kafin a kira azahar ya matse tsagar da hantsaki, ta koma daidai. Tsoho ya tafi masallaci.

A nan ne Issahaku ya lura ƙwayar bakin ta cinye ta gefe guda, ta karkace. Ya ajiye alƙalamin. Ya ɗauka. Ya sake ajiyewa. A ce abu ya fita daga rumfarsa a haka, mutanen Salaga su gani? Ya jawo dutsen washi mai laushi, ya ɗiga mai, ya goga a hankali har bakin ya miƙe sambal. Ya rubuta sunansa da boko, alƙalami ya bi takarda sumul. Daɗi ya kama shi.

Malam Garuba ya dawo da sauri, ya karɓa, ya fara nasa sunan daga dama. Bakin ya kafe, tawada ta fantsama. Ya sake gwadawa, takarda ta yage.

"Me ka yi masa?"

"Na daidaita shi, Baba. Ya karkace paa, sosai da sosai."

"Ba karkacewa ya yi ba, yaro. Hannuna ne."

Issahaku ya dubi takardar da ta yage. Sai yanzu ya gane: mai rubutu daga dama gefensa daban yake ci, kuma abin da dutse ya goge ba ya dawowa.

"Bari in sake karkata shi, Baba. Zauna kaɗan."

"Ka san yadda nake riƙe shi? Shekara talatin ya yi yana koyona. Ba ni da wata talatin."

Daga tasha aka fara kiran Salaga, Salaga. Tsohon ya rufe alƙalamin, ya goge shi da bakin rigarsa.

"Jikata Zuwera tana makarantar boko," ya ce. "Zai bi hannunta. Aikinka ya yi kyau."

Da zagi ya yi, da ya fi wa Issahaku sauƙi. Ya bi shi da ido har teburin Mma Alimatu mai littattafan makaranta. Tsohon ya daɗe a tsaye, sannan ya ɗauki biro ɗaya da yatsu biyu, ya jujjuya shi.

"Mma," ya ce, "wannan ta ina ake zuba masa tawada?"