Yadda Ake Barin Gidan Hajiya Shetu

A Salaga, garin da tsofaffin rijiyoyi suka fi masu ɗiban ruwa yawa, akwai wani ɗan asusu da ake kira Asusun Takalmi. Jikokin fataken goro ne suka kafa shi bisa wasiyyar marigayi Alhaji Ayyub. Shi wannan bawan Allah cewa ya yi mai karatun likita ba ya rasa mai ɗaukar nauyinsa, amma yaron da ya tafi jami'a koyon zane, ko uwarsa sai ta rage murya in za ta faɗa. Mai zane kuwa da ido yake aiki, ido kuma ba ya zuwa ko'ina sai ƙafa ta kai shi. Don haka duk shekara a kan zaɓi ɗalibi ɗaya, a biya masa mota, a saya masa takalmi, a tura shi inda idonsa ke marmari. Kuɗin masauki kam babu. Sai dai a riƙa miƙa shi daga gida zuwa gida, gidajen da kakanni suke sauka tun zamanin jakuna.

Dattawa uku ke riƙe da asusun. Biyu sun tsufa har sai dai a kai musu labari a kan tabarma. Na ukun, Baba Mikaila, shi ne mai sauran ƙafa, ko da yake mutum ne da kan tashi zuwa kasuwar doya ya ɓige da kallon ƙadangare har azahar.

Wannan shekarar ya zaɓi wata yarinya daga jami'a a Kumasi, Mudassira. Ita so take ta je wani ƙauye kusa da Binduri, ta ga yadda mata ke yi wa bangon ɗaka ado da jar ƙasa da baƙin dutse da farar ƙasa. Aikin rani ne. Da zarar ruwa ya sauka kowa ya ɗauki fartanya, sai kuma baɗi. A kan wannan adon ta ɗora aikinta na ƙarshe a jami'a. In ba ta same shi ba, shekara ta tafi a banza.

Baba Mikaila ya tsara mata hanya. Ta sauka Yendi gidan Hajiya Shetu ta huta, ta wuce Bawku gidan Muniru dillalin shanu, shi zai kai ta ƙauyen. Ya sa ta a mota, ya koma kallon ƙadangarunsa.

Ana nan sai zafi ya ƙaru, da yamma gabas ta fara yin duhu-duhu. Ya kira yarinyar don ya ji labarin bango.

"Baba, ina Yendi," in ji ta.

"Har yanzu? Ciwo kika yi?"

"Lafiyata lau. Hajiya ta ce in ƙara kwana biyu."

"To ki nemi sallama mana."

"Na nema, Baba. Kullum ina nema. Sai ya ce ban ci komai ba tukuna." Hausarta irin ta zangon Kumasi ce, ba ta cika raba mace da namiji ba. 

Ya kira Hajiya. Amma yaya za ka ce wa babbar mace ta waya ta saki baƙuwarta? Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi jikoki, ya ce ai ga alama damina za ta faɗi da wuri. Ta ce Allah ya sa mai albarka ce, 'yarka tana nan tana ƙiba. Ya kashe waya ya dubi sama, ya ga shamuwa ta gilma. Nan take ya shiga ɗaki ya ɗauko rigarsa ta Juma'a.

Motar Bimbila ta girgiza masa hanji son ranta. Kusa da shi wani mutum ya rungume agogon bango yana tofa masa addu'a duk ramin da aka faɗa, Baba Mikaila ya so ƙwarai ya ji tarihin agogon, amma ya daure.

Ya isa Yendi da la'asar. Ya tarar da Mudassira a tsakar gida tana ɓare gyaɗa, kumatu sun ciko, idanu sun faɗa. Ta zana hoton kowa a gidan, har agwagwa. Hajiya Shetu ta fito tana gyara mayafi.

"Wa nake gani? Mikaila mai kallon ƙadangare! Ashe kana da rai?"

"Ina jiran ki riga ni, Hajiya, in ci shinkafar sadaka."

Aka kawo ruwa, aka kawo tubani da yaji. Da yarinyar ta tafi ɗauko masa buta, sai Hajiya ta matso ta rage murya.

"Mikaila, tsakaninka da Allah, wace irin baƙuwa ka turo mini? Yarinya mai hankali, wallahi ina sonta, amma ba ta san hanyar ƙofa ba. Washegarin zuwanta na soya mata zabin guzuri. Ta ce za ta tafi, na ce haba, tun yanzu? Kawai sai ta ajiye jaka! Muka cinye zabi. Na sake soyawa, ta sake ajiye jaka. Zabina sun kusa ƙarewa, sauran in sun gan ni sai su hau katanga."

"To me ya hana ki ce mata ta tafi?"

Hajiya ta dafe ƙirji. "Ni? A gidan ubana? In buɗe baki in ce wa baƙo tafi? Ka taɓa jin an yi haka a gidan nan?"

Bai taɓa ji ba. Ya yi dariya har yaji ya sarƙe shi.

Da asuba bayan salla ya kira Mudassira zaure. Ta fashe da kuka, ta ce ita a gidansu an koya mata in babba ya ce zauna, to ka zauna.

"An koya miki daidai," in ji shi. "Rabin karatun ne kawai aka ba ki. Mai gida dole ya hana, in bai hana ba ya zama marowaci. Baƙo dole ya tafi, in bai tafi ba ya zama ɗan gida. Baki yana ba da haƙuri, ƙafa tana tafiya. Kada ki bari ƙafar ta ji abin da ake faɗa. Sa takalminki, rataya jaka, ki bi bayana."

Suka fito tsakar gida. Mudassira ta durƙusa. "Mma, zan wuce."

"Ki wuce ina? Ko koko ba ki sha ba! Laifin me muka yi miki?"

Yarinyar ta miƙe, hannunta ya kai ga igiyar jaka zai sauke. Baba Mikaila ya yi gyaran murya irin ta liman in ladan ya yi kuskure. Ta ɗaga ƙafa.

"Ki yi haƙuri, Mma."

"Shi ke nan, kin ƙi mu. Tuwonmu bai yi miki ba."

"Ya yi, Mma, wallahi ya yi." Tana faɗa tana tafiya.

Kafin su kai zaure sai ga jikokin Hajiya sun ɓullo daga ɗakin girki da ƙullin zabi mai zafi, da ƙuli-ƙuli, da sabon zane a ninke. Ashe tun kiran salla ake suya. Hajiya ta raka su har bakin titi tana ta mita. Da mai yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ya tsaya, sai ta kama hannun yarinyar ta ce, "Da kin ƙara ko kwana ɗaya." Wannan karon muryar ta sauya, Baba Mikaila ya ji, ya kau da kai. Mudassira ta rungume ta, ta shiga.

Ya yi niyyar juyawa Salaga daga tasha, amma ya ga ai bai taɓa ganin bango mai ado ba, sai ya sayi kujera biyu. Suka bi ta Gushegu. Da suka hau dutsen Nakpanduri, ƙasa ta shimfiɗe a ƙarƙashinsu kamar tabarma, can gaba kuma hadari ya tokare sama da ƙasa, baƙi ƙirin. Mudassira ta ƙura wa hadarin ido. Zabon ma ta kasa ci. A Garu ruwa ya same su, ƙanshin ƙasa ya cika motar, fasinjoji suna ta hamdala, ita kaɗai ta sunkuyar da kai.

Muniru ya tarbe su a Bawku ya ce sai sun huta kwana biyu. Mudassira ta gode masa sosai a tsaye, jaka a kafaɗa. Ya dube ta, ya dubi tsohon, ya aika a kawo motar kaya mai ƙafa uku.

Da safe suka isa ƙauyen. Maza duk sun fita gona. Ɗakunan suna tsaye ja da baƙi da fari, ruwa ya wanke su suna sheƙi. An gama, an shafe su da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ado zuba. Mudassira ta tsaya tana kallo kamar wanda ya iso gidan biki ana kwashe tabarmi.

Baba Mikaila bai iya tsayuwa wuri ɗaya ba. Ya bi wata kaza mai wuya tsirara don ya ga inda za ta, ta kai shi bayan gida. Can ya tarar da wata tsohuwa 'yar ƙabilar Kusasi ta riƙe ƙugu tana yi wa bango faɗa. Shi ne na ƙarshe da matan suka zana, ruwa ya riga makuba isa gare shi, launukan sun zubo sun cakuɗe kamar miya a tire. Ya gaishe ta. Ta amsa da Hausar kasuwa, ta ce ɗakin ɗanta ne, ba za ta bar shi haka har baɗi mutane su yi mata dariya ba. Yau za ta sake shi, amma matan duk sun tafi shuka, hannu biyu kuma ba sa yin bango.

"Mma, in na kawo miki wasu biyu fa?"

"Sun iya?"

"Sun je jami'a."

"Ban tambaye ka inda suka je ba."

Ya ƙwala wa Mudassira kira. Tsohuwar ta juya tafin hannun yarinyar ta duba, ta yi tsaki, ta ce ta cire takalmi ta shiga kwaɓa ƙasa. Kafin rana ta take, sun shafe bangon da jan yumɓu, sun goge shi da dutse mai santsi. Sannan tsohuwar ta tsoma gashin kaza a baƙin ruwan dutse, ta ja layi ɗaya, ta miƙa mata.

Baba Mikaila ya samu inuwar rumbu ya zauna. Layin farko na Mudassira ya karkace. Ta kai hannu za ta goge, tsohuwar ta buge hannun.

"Bar shi. Ja na biyu kusa da shi, ya samu ɗan'uwa. Yi sauri, gabas tana haɗa wani hadarin."

Mudassira ta sake tsoma gashin, laka har gwiwar hannu, ta ja.