Shirun Kwana Uku

A shagon soyayyen kifi da ke bakin tashar jiragen ruwan birnin Hobart, Dermot Halloran da Nirmala Perera suka ƙulla magana. Suna cikin mutum biyar masu riƙe da makullin, wato ikon amincewa da gyara, na wata manhaja ta kowa da kowa, wadda ƙananan asibitoci ke ajiye bayanan majinyata da ita. Nirmala so take a cire tsohon sashen da ke aiki ba intanet, gyaransa ya ishe ta. Dermot kuwa shekara tara yana harin kujerar shugaban kwamitin manhajar. Sharaɗin shi ne shi ya mara mata baya, ita ta ba shi ƙuri'arta.

Dokarsu ita ce kowace shawara a zauren saƙonninsu na intanet ake yanke ta, a idon duniya. Wanda ya kawo magana aka kwana uku ba a musa ba, ta zauna.

"Jajiberin Kirsimeti za ki tura," in ji Dermot. "Lokacin sauran duk suna bakin teku suna gasa nama."

"Tsohon banza," ta ce tana dariya. "Da furfurarka!"

Haka aka yi. Kwana ɗaya shiru, biyu shiru. Dermot na zaune cikin surukansa, cokali a hannu, ido a waya. Saura awa huɗu wa'adi ya cika saƙo ya faɗo daga Sela Vakatawa, mai kula da kwamfutocin asibitoci a tsibiran Lau na Fiji. Ta ce a wajensu intanet baƙo ne, wani lokaci sai a yi mako bai leƙo ba. Sannan ta yi tambaya cikin ladabi: me ya sa kundin aikin ya nuna Dermot ya amince da gyaran tun ranar sha tara, kwana biyar kafin a kawo maganar zaure?

Dermot ya ajiye cokalin. Ya tuna ranar da Nirmala ta nuna masa aikin, yana gama dubawa hannunsa ya danna amincewa, kamar yadda ya saba.

Ya fita waje ya kira Nirmala, ya ce su ce kuskure ne, ko a goge.

"A goge daga ina, Dermot? Mutum ɗari shida ke da kwafinsa."

Ya roƙe ta ta jira zuwa gobe su daidaita baki. Ta ce za ta yi tunani. Kafin ya koma kan kujerarsa saƙonta ya shiga zaure. Ta zayyana komai, har kifin da suka ci, ta nemi gafara, ta janye shawarar.

Bayan sabuwar shekara aka yi ƙuri'a a fili. Sela ta tsira da sashenta, aka kuma ba ta makulli. Nirmala ta sha zagi na mako biyu, ta ci gaba da gyaran da ta tsana. Dermot bai samu kujerar ba, makullin ma aka karɓe.