Zanen da Aka Goge

Su tara ne, duk haifaffun Nijar, duk Turawa suka ɗauke su tun suna goye suka raine su a Faransa. Shekara biyu ƙungiyarsu na shirin kai su ganin gida, sai biza ta gagara. Maimakon Yamai, aka ce a kai su Paris, unguwar Goutte d'Or, su ga 'yan ƙasarsu da ke zaune can. Ni Raliyatu, ɗaliba a Bron kusa da Lyon, ni aka ɗauka tafinta. Na so in ƙi. Ina Goutte d'Or, ina ƙasar haihuwa?

A jirgin ƙasa daga Lyon na zauna kusa da Camille, wadda takardarta ta ce sunanta Aïcha, an tsince ta a tashar mota, shi ke nan. Uwar riƙonta, Madam Odile, ta biyo ta da jakar abinci kamar mai kai yarinya makaranta, alhali Camille ta ba talatin baya.

Wadda muka je gani Hajiya Mardiya ce, 'yar gidan wanzamai, tana zaune a bayan shagon atamfa na ɗanta. An ce in ta dubi zanen fuskar mutum, sai ta faɗi ƙasarsu, wani lokaci har gidan da ya yi askar. Biyu daga cikinsu suna da zane. Ta faɗa wa ɗaya yankinsu, ya fita waje yana kuka.

Camille ba ta da komai a fuska, amma ta matso. Ta ce in gaya wa Hajiya tana da shi dā. Nan Madam Odile ta fara bayani da sauri: yara na tsokanar Camille a makaranta, tana dawowa da hawaye, ita da mijinta kuma sun ɗauka tabon azaba ne da aka yi wa jaririya. Tana shekara bakwai suka kai ta wurin likita, sau huɗu, har fatar ta yi sumul. Hotunan dā ma ta zubar, don kada yarinyar ta tuna.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na fassara.

Hajiya ta jawo Camille bakin taga, ta rufe ido, ta bi kuncinta da yatsu a hankali. Ta daɗe. Ta ce tana jin uku a dama, ko huɗu, ba ta da tabbas. Tsawonsu kuwa ya tafi, kuma da tsawon ake rarrabewa. Ba za ta ba ta garin ƙarya ba.

Sai ta ce, "Ɗiyata, wanda ya yi miki wannan ba mugunta ya yi ba. Don in kin ɓata a san inda za a maida ki ne."

Madam Odile ta tambaye ni me tsohuwar ta ce. Na dube ta riƙe da jakar abincin, tausayinta ya kama ni, na ce addu'a ce kawai.

Camille ba ta jin Hausa, amma ta karanci fuskata, ta ce, "Raliyatu, ba addu'a ba ce. Abu ɗaya aka goge mini, kada ki ƙara na biyu."

Na faɗa musu, kalma da kalma.

Muka hau jirgin komawa Lyon. Camille na bakin taga, yatsunta a kunci, tana ƙirgawa tana sakewa.